Digirin kwamfuta na shekara biyu a New York: wace kwaleji za mu zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx da ke birnin New York. Ɗana ya gama sakandare, yana son digirin shekara biyu a fannin kwamfuta. Wata makarantar kuɗi ta dame mu da kiran waya, wai cikin wata 18 za ta yaye shi ta samo masa aiki. Ga kuma kwalejin gwamnati kusa da gida. Wacce za mu ɗauka?
Daga wata uwa a Bronx

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi.

Ni dai makarantar da ke bin mutum da waya kamar mai bin bashi ba ta kwanta mini ba. A Satumbar 2016 wata makarantar kuɗi ta koyar da fasaha mai suna ITT Tech ta rufe rassanta kwatsam, ɗalibai suka tashi da bashi a wuya, da yawansu kuma suka tarar wasu kwalejoji ba sa karɓar darussan da suka ci. Ban ce masu kiran naki haka suke ba. Amma ki tambaye su wace hukuma ce ta tantance su. Kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, irin su Bronx Community College da Hostos, hukumar Middle States ce ta amince da su.

Sai dai kafin zaɓen makaranta akwai abin da ya fi shi, kuma nan iyaye suka fi yin tuntuɓe. Digirin nan iri biyu ne, AS da AAS, kowanne kiredit (ma'aunin yawan darussa) 60 ko sama da haka kaɗan. AS an tsara shi don wanda zai zarce jami'a ya ƙara shekara biyu ya samu cikakken digiri. Akwai lissafi mai zafi a ciki, har da kalkulas. AAS kuwa na mai son kama aiki da wuri ne, kamar kula da kwamfutocin ofis ko haɗa su da juna. Matsalarsa, idan daga baya yaro ya ce zai ci gaba, ba lallai jami'a ta lissafa masa duk darussan ba, sai ya koma maimaita abin da aka riga aka biya.

Saboda haka ki zaunar da shi, ba a gaban baƙi ba, ki tambaye shi: rubuta manhaja yake so ko gyara da kula da na'ura? Yaya yake da lissafi? Yara da yawa wasan kwamfuta suke so, sai su ɗauka karatun ma haka yake.

Batun kuɗi da sauƙi. Mazaunin birnin yana biyan dala 4,800 a shekara a kwalejojin CUNY na shekara biyu. In yana da takardar ɗan ƙasa ko girin kad, ya cike fom ɗin FAFSA da wuri don neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya mai suna Pell, sannan ya nemi tallafin TAP na jiha. Duka biyun ba bashi ba ne. Ya kuma nemi shiga shirin ASAP na CUNY, wanda ke taimakawa da kuɗin mota da na littattafai, muddin zai yi karatu na cikakken lokaci.

In ya zaɓi AS, ku karɓi jerin darussan ku kai Lehman College, kwalejin CUNY mai ba da cikakken digiri, tunda a Bronx take, ku tambayi waɗanne za su karɓa a sashen kwamfuta. Kada ku yarda da amsar baki, a rubuto muku.