Injin walda na jan yarona duk lokacin da zai canja sanda, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon walda a Funtuwa, muna yin ƙofofi da tagogi da gadaje, da yara uku masu koyon aiki. Injina taransifoma ce naɗin gida, kuma kwanan nan na ƙaro ƙaramin injin walda na zamani da ake kira inbata. Tun shigowar damina babban yarona yake kukan wuta tana jan sa idan zai sa sabuwar sandar walda a holda, wato mariƙinta. Abokan sana'a sun ce haka walda take, zai saba. Sannan taransifomar tana zafi har ta yi ƙauri, inbatan kuma yakan ɗauke da kansa ana tsakiyar aiki. Yaran kuma wani lokaci ba sa barci saboda ciwon ido. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Zan fara da maganar abokanka, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali. Jiki ba ya sabawa da wutar lantarki. Abin da ke sabawa shi ne zuciyar mutum, ya daina jin tsoro, kuma Hausawa sun ce sabo turken wawa. Kada yaron nan ya sake riƙe holdar sai an gano inda wutar take bi ta shige shi.

Ga abin da ke faruwa. Lokacin da ake ɗinki, wato sanda tana ci, ƙarfin wutar da ke tsakanin sanda da ƙarfen aiki bai cika wuce bolt 20 zuwa 30 ba. Amma da zarar an ɗaga hannu wutar ta mutu, injin kuma yana kunne, sai ƙarfin ya hau zuwa bolt 50 har 80, saboda da shi ne ake tayar da wutar a bugun farko. Ka ga ke nan lokacin da mai walda yake ganin ya huta, ya ajiye garkuwar fuska zai canja sanda, a lokacin ne holda ta fi haɗari. Busasshiyar fata mai kanta tana tare mafi yawan wannan wuta, shi ya sa da rani ba a cika jin komai ba. Idan hannu ya jiƙe da gumi ko ruwa, kariyar tana faɗuwa warwas, har bolt 80 ya iya tura wajen mili-amfiya 80 ta cikin jiki. Mili-amfiya 30 kacal idan ta bi ta ƙirji ta ɗan jima tana iya rikita bugun zuciya. Wutar taransifoma kuma, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta fi ta inbata saurin ƙanƙame tsoka da taɓa zuciya. Saboda haka ne ƙa'idar IEC, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, ta yarda da bolt 80 ga irin wannan wuta a wuri busasshe, amma ta sauke shi zuwa 48 a wuri mai laima ko matsattse, kamar cikin tanki.

To yanzu dubi yaronka. Ina kyautata zaton yana tsugune a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da silifas, gwiwarsa ko ɗaya hannun yana jingine da ƙofar da ake haɗawa, sannan ya kama sanda da hannu tsirara ya cusa a holda. Wuta ta shiga ta hannu ta fita ta gwiwa ko ƙafa, ta ratsa ƙirji a hanya. Maganin wannan ba tsada gare shi ba. Safar hannu ta fata, busasshiya, kuma a ajiye ta biyu don idan ɗaya ta sha gumi a canja. Takalmi rufaffe mai tafin roba. Busasshen katako ko shimfiɗar roba mai kauri da zai tsaya a kai. Kada a saƙale holda a hammata ko a rataya kebul a wuya, kada a tsoma holda a ruwa don ta huce, kada a ajiye ta a kan ƙarfen aiki da sanda a bakinta. Idan ana yayyafi kuma ba rumfa, a dakata. Na san mai kaya yana tsaye yana jira, amma ƙofa ba ta kai ran yaro ba.

Akwai wata fuskar da ta fi wannan muni, kuma ita ce dalilin da ya sa nake cewa a tsayar da taransifomar tukuna. Taransifoma tana da naɗi biyu: wanda ke karɓar bolt 230 daga layi, da wanda ke ba holda wuta. Abin da ya raba su shi ne banish ɗin da ke jikin waya da takarda ko ƙyallen da aka sa a tsakani. Ka ce injin yana ƙauri. Wannan ƙaurin na rufin ne da ke ƙonewa sannu a hankali, kuma ranar da ya huje, bolt 230 ɗin layi zai iya tsallakowa kai tsaye zuwa holda ko jikin injin. A nan safar hannu mai laima ba za ta ceci kowa ba. Ka kira mai gyaran lantarki da ke da na'urar gwajin rufin waya, wadda suke kira mega, ya auna tsakanin naɗin biyu, da kuma tsakanin kowanne da ƙarfen tsakiya. Ƙaramar mitar hannu ba ta isa wannan gwaji ba. Idan rufin ya gaji, sai sabon naɗi.

Ba na raina injin naɗin gida. Da yawa daga cikinsu sun fi na kanti juriya, kuma da su aka yi ƙofofin gidaje da yawa a garuruwanmu. Abin da nake ƙi shi ne a bar shi tsirara a kan ɗan katako a bakin hanya, inda yara ke gilmawa, kaji ke tono, ruwan indararo ke fantsama. A yi masa akwati mai ramukan shan iska, a ɗaga shi daga ƙasa, a haɗa akwatin da wayar ƙasa ta gaskiya, wadda ta tafi ga sandar tagulla da aka kafa a cikin ƙasa. A sa masa makunni da bireka nasa shi kaɗai a inda hannu zai kai da sauri. Taransifoma idan tana aiki sosai takan ja fiye da amfiya 30 daga layi, alhali soket ɗin ɗaki na amfiya 13 ne, don haka cusa wayoyi tsirara a soket ana tokare su da tsinke gobara ce ake kira. Idan ka samu birekar da ke yanke wuta idan ta ji yoyon mili-amfiya 30, ka sa. Sai dai ka sani, ɓangaren layi kawai take tsarewa. Ba ta ganin abin da ke faruwa tsakanin holda da ƙarfen aiki.

Kebul kuwa, a nan ne yawancin shaguna suke faɗuwa. Kowace safiya kafin a kunna inji, wani ya bi kebul da hannu daga inji har holda. Inda roba ta tsage har tagulla ta leƙo, a yanke wurin ko a canja. Ɗaurin leda da robar tayar keke ba gyara ba ne. Mita uku na ƙarshe kusa da holda kada a yarda da haɗi ko ɗaya. Duk wani noti da ya saki yana haifar da zafi, zafin ya ƙara sakar da shi, har bakin injin ya narke. Ga inji mai amfiya 200, kebul ɗin tagulla mai kaurin milimita sukwaya 25 zuwa 35 ya dace, gwargwadon tsawonsa. Wayar dawowa, wadda kuke maƙalawa a jikin aiki, ita ma wutar da ta bi holda ce take bi ta cikinta, don haka kaurinsu ɗaya. Guntayen rodi da ake jerawa a ƙasa ana ɗora wa juna su zama hanyar dawowa suna cin wuta, suna ɓata ɗinki, suna kuma tartsatsi a inda ba a zato. A sayi maƙali mai ƙarfi, a kankare tsatsa, a maƙala kusa da wurin ɗinki. A jikin mota ko babur, a cire batir, kuma kada wuta ta bi ta cikin boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, kafin ta dawo, don tana cinye shi.

Game da inbatan da ke ɗaukewa, wannan ba lalacewa ba ce, kare kansa yake yi. Duba allon da ke jikinsa, za ka ga layin da aka sa wa alamar X da kaso, misali 60%, a ƙarƙashinsa kuma adadin amfiya. Ma'anarsa a cikin kowane minti 10, injin zai yi minti 6 yana ci a wannan amfiyar, ya huta minti 4. Ana yin wannan awo ne a zafin digiri 40, kuma ka san a watan Afrilu garuruwanmu kan kai haka a inuwa ma, balle a rana ko ƙarƙashin kwano. Ƙananan inbata da yawa an rubuta musu 200 ko 250 da manyan baƙaƙe a gaba, amma a wannan amfiyar kasonsu ƙarami ne ƙwarai. Idan fitilar zafi ta kama, a bar shi a kunne fanka ta sanyaya shi, kada a kashe a kunna. Kada kuma a yarda wani mai gyara ya tsinke na'urar da ke jin zafin don injin ya daina ɗaukewa. Daga nan sai ƙonewa. Sau da yawa ma amfiyar ce aka cika. Sanda 6013 geji 12, wato milimita 2.5, tana ci da kyau a amfiya 60 zuwa 90, geji 10 kuma, milimita 3.2, a 90 zuwa 130. Aikin ƙofa da taga bai buƙaci fiye da haka ba.

Babban abokin gabar inbata shi ne ƙura, musamman garin ƙarfen da injin gurza yake fesawa, domin yana kwanciya a kan allon cikinsa ya haɗa inda bai kamata ya haɗu ba. A nisanta shi da wurin gurza da yanka. Duk wata, da hunturu ma duk mako biyu, a zare shi daga wuta, a jira aƙalla minti biyar saboda akwai kayan da ke riƙe caji a ciki bayan an kashe, sannan a buɗe a hure da busasshiyar iska a hankali. Idan da janareta kake aiki, ka tayar da janaretan ya daidaita kafin ka kunna inbata, ka kuma kashe inbata kafin ka kashe janareta. Idan inbatan yana da alamar VRD, ka kunna ta: tana sauke wutar holda ƙasa sosai duk lokacin da ba a ɗinki. Da ni ne kai, shi zan riƙa ba yaran da damina, in bar taransifoma ga aiki mai kauri a busasshen wuri.

Sai idon yaran. Hasken walda yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin rana amma a tattare, kuma yana ƙona fatar saman ƙwayar ido. Ba a ji nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa ciwon yake tashi da dare kamar an zuba yashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya wadatarwa, kuma ba ya rufe fuska da wuya. Kau da kai ko runtse ido lokacin ɗana ƙarfe, wato ɗan ɗinkin farko na riƙe shi, shi ma bai hana ba. Garkuwar fuska ake bukata mai gilashi lamba 10 ko 11 ga irin aikinku, 12 idan amfiya ta haura 160, da farin gilashi a gabansa da za a riƙa canjawa idan ya yi zane. Wanda ya fi shan wahala ma shi ne yaron da ke riƙe ƙarfe, saboda shi ba a ba shi komai. Ka saya masa tasa garkuwar. Wajen ɓamɓare ɓawon ɗinki da gurza kuma a sa farin tabarau mai rufe gefe.

Idan ciwon ya riga ya kama, a sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido a rufe, a zauna a duhu, a sha farasitamol, kada a murza. Yawanci yana lafawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ina roƙonka ka hana ɗiga madara ko ruwan sikari ko ruwan albasa, ka kuma hana sayen maganin ɗigawa mai kashe zafi nan take ba tare da likita ba, domin yawan amfani da shi yana hana ido warkewa har ya kai ga gyambo. Idan ya wuce kwana biyu, ko gani ya ragu, ko ana zaton ɓurɓushin ƙarfe ya shiga, sai asibitin ido a ranar.

Hayaƙi ma ba abin wasa ba ne. A shekarar 2017 cibiyar binciken cutar kansa, wato ciwon daji, ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Aiki a fili yana taimaka muku, amma a tsaya ta inda iska za ta kwashe hayaƙin gefe, ba a dulmiya kai cikinsa ba. Bututu mai rufin tutiya da ƙarfe mai fenti a kankare su kafin ɗinki. Hayaƙin tutiya yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare, mutum ya ɗauka maleriya ce. Madarar da ake sha bayan aiki abinci ce, ba ta wanke huhu. Rigar ƙwallo da duk yadin roba yana narkewa ya manne a fata, don haka auduga mai kauri, mai dogon hannu. Tartsatsi yana iya kai wa mita 10, saboda haka galan ɗin fetur ɗin janareta da tinar fenti da katifa su yi nisa, a ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara na hoda, a kuma zagaya shago rabin awa bayan ɗinkin ƙarshe kafin a kulle. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an ɗauraye shi, tururin yana nan a saƙo. Irin wannan aiki kada ka bar wa yaro, kai ma idan ba ka da hanyar wanke shi da tururin ruwan zafi da gwada shi, ka mayar wa mai shi.

Ka tara yaran uku gobe ka nuna wa kowa inda bireka take, har ƙaramin cikinsu ya iya kashewa ba tare da ya tambaya ba. Idan wuta ta riƙe wani, a fara kashe ta. Idan ba hali, a ture shi da busasshen katako, kada a kama shi da hannu. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a kan wuri mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ba tsayawa, wani kuma ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.