Tambaya da Amsa: Wane Batir Ya Dace da Hannun Gem?

Assalamu alaikum. Ina da ɗakin gem a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, Xbox biyu da hannu huɗu marasa waya, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan. Daga azahar har ƙarfe goma na dare yara na buga ƙwallo, kuɗin batir kuwa ya ishe ni. A Adum an nuna mini fakitin caji da ake cusawa a bayan hannu, an kuma nuna mini batura AA masu caji da cajarsu. Wanne zan saya? — Mai ɗakin gem, Aboabo

Wa alaikumus salam, Malam. Sayi batura AA masu caji, waɗanda aka rubuta wa NiMH (sunan nau'in batirin) a jiki, guda 12: takwas a cikin hannayen, huɗu a ajiye cike. Ka haɗa da caja mai gida huɗu.

Dalilin da ya sa ba mu ce fakiti ba shi ne yanayin wutarmu. Fakitin da kamfanin Microsoft ya yi da kansa ba shi da laifi. Sun ce yana cika cikin ƙasa da awa 4, ya kai har awa 30 ana wasa. Amma a cikin hannun yake caji. In ya mutu ana tsakiyar wasa, sai dai yaro ya ja kujera kusa da talabijin da igiya a hannu. In kuma ECG, kamfanin wutar lantarki, suka ɗauke wuta da dare, da safe za ka tarar da shi yadda ka bar shi. Batir AA kuwa ka buɗe murfi, ka cire biyu, ka sa biyu, a ci gaba. A lissafin awa takwas a rana, biyu masu kyau za su kai ka kwana biyu zuwa uku.

Ba kowane NiMH ba ne ke riƙe caji. Tsohon samfuri ko yana ajiye a aljihun tebur wutarsa na tsiyayewa, zafi kuma yana ƙara masa sauri, ga shi Kumasi ba ta rabo da zafi. Nemi irin da ke zuwa da caji tun daga kwali. Kamfanin Sanyo ne ya fito da irinsa a 2005 da sunan Eneloop, yanzu Panasonic ke yin sa. Farin yana ɗaukar kusan 2000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), kuma kamfanin ya ce ana iya cajinsa har sau 2100. Baƙin, wato Eneloop Pro, yana kai 2500 mAh amma cajinsa sau 500 ne. Kai da ke caji kullum, farin ya fi maka.

Ka kula da jabu, don sun cika kasuwa. Batir AA na NiMH na gaskiya ba ya wuce wajen 2800 mAh. Duk wanda ka ga an buga masa 3800 ko 4800 da manyan lambobi, ƙarya ce tsagwaronta, ajiye musu kayansu. Ka kuma jinjina shi a tafin hannu. Na kirki nauyinsa gram 26 zuwa 30, na jabu kuwa sakayau yake kamar kara. In kana da maƙwabci mai sayar da azurfa, sikelinsa zai raba gardama.

Caja ita ce inda mutane suka fi yin asara, domin mugunyar caja tana kashe batir mai kyau cikin 'yan watanni. Mai kyau tana lura da kowane batir shi kaɗai, kowane gida da fitilarsa, kuma da ya cika ta tsaya. Alamar maras kyau ita ce ba ta kamawa sai an sa biyu biyu, fitilarta ɗaya ce ja, ba ta canzawa ko an kwana. Irin wannan tura wuta kawai take yi har batir ya yi zafin da ba ya taɓuwa. In ita ce a hannunka, ka riƙe mata lokaci da kanka: raba mAh ɗin batir da mA ɗin da aka rubuta a bayan cajar, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin biyar. Batir 2000 mAh a caja mai 200 mA ke nan awa 12, in ya ƙare ƙaf. Sannan ka duba bayanta ko an rubuta 100–240V. Wutar Gana 230V ce. Cajar da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka mai 120V kaɗai, kana jona ta za ta yi hayaƙi. Akwai kuma masu aiki da USB, waɗannan ko dumso, wato ɗauke wuta, ya daɗe sai ka jona su a fawabank ko sola.

Abu na ƙarshe, mai sauƙi amma yana tsawaita rayuwar batir: ka aurar da su. Ɗauki alƙalamin maka ka rubuta 1 da 1, 2 da 2, har 6 da 6, kullum su shiga tare su fita tare. A cikin hannu a jere suke aiki. In ɗaya tsoho ne ɗaya sabo, tsohon zai riga ƙarewa, sabon ya ci gaba da tura masa wuta ta baya, daga nan ya lalace.

Na sa batura masu caji a hannun Xbox ɗina, na jona igiyar USB har gari ya waye, amma ba su ƙaru ba. Kuma a jikinsu an rubuta 1.2V, ba 1.5V ba. An cuce ni ne? — Ɗalibi, Asawase

Ƙanenmu, ba a cuce ka ba. Hannun Xbox ba ya cajin batir AA ta igiya. Da gangan aka yi shi haka, don kada wani ya sa batir na yau da kullum ya jona, ya fashe. Fakitin da aka yi dominsa kaɗai yake caji, shi ma ta wasu ƙananan ƙarafa daban da ke cikin gidan batir. Naka sai ka ciro su ka sa a caja. Igiyar dai tana da amfaninta: in ka jona ta a Xbox, hannun zai yi aiki ko babu batir a ciki.

Batun 1.2V kuwa haka NiMH yake. Batir alkalin yana farawa da 1.5V, yana ta gangarowa har 1.0V. NiMH yana sauka daga caja da kusan 1.4V, ya zauna a 1.2V ya daɗe a wurin, sai dab da ƙarshe ya faɗi. Shi ya sa alamar batir a talabijin kan ragu da wuri, amma ka yi ta wasa awanni bai mutu ba.

Ɗana yana da PS4. Hannun da can yana wuni, yanzu awa ɗaya ya mutu. Da cajar wayata yake cajinsa, ko ita ce ta kashe shi? Sabo zan saya masa? — Wata uwa, Tafo Zango

Hajiya, kada ki yi saurin sayen sabo. Hannun PS4 batirinsa a ciki yake, na litiyom ne mai 1000 mAh, kuma irinsa yana tsufa bayan wasu ɗaruruwan caji. Ko yana sabo awa huɗu zuwa takwas yake yi. Abin da ya fi tsufar da shi shi ne zafi da barinsa a mace na tsawon makonni, ba cajar waya ba. Caja ta gaskiya mai ba da 5V ba ta da matsala. Ta jabu ce abin tsoro, musamman a wutar janareta.

A fara da gwada wata igiyar. Igiyar micro-USB tana saurin sakwarkwacewa, sai ta riƙa kamawa tana saki, yaro ya zaci ya cika alhali bai yi rabi ba. In PS4 na yanayin hutu, fitilar hannun tana lumshewa ruwan lemo lokacin caji, ta mutu in ya cika, kusan awa biyu ke nan. A kuma shiga saitin adana wuta a tabbatar an bar ramukan USB suna ba da wuta a lokacin hutu, don ana iya kashe su daga can.

In duk an yi wannan bai canza ba, batir ne. Mai gyaran waya a Adum ko Kejetia zai canza shi: ƙananan sukurori huɗu ne a baya, batirin kuma a soke yake, ba ya bukatar dalma. Amma a karanta lambar da ke bayan hannun tukuna. Tsohon samfuri CUH-ZCT1 ne, sabon da ya fito a 2016 CUH-ZCT2, kuma bakin wayar batirinsu ba girma ɗaya ba ne. Na sabon ya fi ƙanƙanta. Gara a tafi da hannun a gwada a wurin. In an buɗe aka ga batirin ya kumbura, kada a matsa shi, kada a huda, kada a jefa cikin sharar da za a ƙona. Bayan gyara, yaron ya rage hasken fitilar hannun, ya kuma saita shi ya riƙa kashe kansa bayan minti 10 in an ajiye.

Na ga batir AA na litiyom mai ramin caji a jikinsa. Yana da kyau? — Mai karatu, Alabar

Iri biyu ne, kuma girmansu ɗaya, don haka karanta jikinsa da kyau, Malam. Wanda aka rubuta wa 1.5V yana aiki a hannun Xbox. Aibinsa shi ne alamar batir za ta nuna cike har sai ya mutu farat ɗaya, babu gargaɗi. Lambarsa kuma mWh ce, ba mAh ba: 3000 mWh daidai yake da 2000 mAh a 1.5V. Ɗayan kuwa, mai lamba 14500 da 3.7V, na tocila ne. Biyu a jere sun haura 7V a inda ake bukatar 3V, za su iya ƙona hannun nan take.

Na ajiye hannu da batir a ciki na tafi arewa wata uku. Na dawo na tarar da farin gari a kan ƙarafan, ya ƙi kamawa. — Mai karatu, Sabon Zango

Batirin alkalin ne ya yi yoyo. Cire shi, kada garin ya taɓa maka ido. Naɗe auduga a tsinke, ka ɗan tsoma a ruwan lemon tsami ko ruwan khal, ka goge ƙarafan. Za ka ga yana ɗan kumfa. Ka bi da wata audugar mai sifirit, ka bar murfin a buɗe ya bushe sarai kafin ka sa sabon batir. In tsatsa ta ci sifirin ɗin da ke danne batir har ya karye, mai gyara zai iya ciro wani daga mataccen hannu ya dasa maka.