Golem, P.E.K.K.A da Mega Knight a haɗi ɗaya? Nauyin ya yi yawa

Ɗan'uwa, ka ce ka tara Golem da P.E.K.K.A da Mega Knight a haɗin katunanka na wasan waya Clash Royale amma kullum ana lallasa ka. To ai nan matsalar take. Golem elixir 8 yake ci (elixir shi ne makamashin da kake kashewa wajen sauke kati), sauran biyun 7 kowanne, ma'aunin kuwa ba ya wuce 10. Da ka sauke ɗaya hannunka ya bushe, abokin karawarka ya turo Hog Rider, mai gudu kai tsaye zuwa gine-gine, ta ɗaya gadar, kai sai kallo.

Katuna 8 kawai gare ka, kowanne sai da aikinsa. Zaɓi ɗaya da zai rushe hasumiya, sauran su yi masa hidima. In Golem kake so, sallami sauran biyun. Kada ka rasa mai harbin sama irin Musketeer, domin Balloon ɗaya ya isa ya gama da kai. Ka riƙe Fireball da Log, amma ka tuna Log ba ya taɓa abin da ke tashi sama. Sai gini ɗaya kamar Cannon, ka dasa shi tsakiyar fili ya janye Hog ko Giant inda hasumiyoyinka biyu za su same shi.

Za a ce maka ka kwafi Hog 2.6, wato haɗin Hog Rider mai matsakaicin elixir 2.6. Haɗi ne mai kyau, sai dai yana son hannu mai sauri da ƙirga katunan abokin karawa, ni dai ba na ba sabon shiga shawararsa. Nemi matsakaicin elixir 3.5 zuwa 4, ka zuba zinarenka na wasan wajen ɗaga matakin waɗannan takwas ɗin, ka daina sauya su kullum.