Yawon daji da bakin teku da ƙananan yara a Birtaniya: Likita ya amsa

Tun da Maris ya kama, sanyi ya fara sassautawa, tambayoyin 'yan uwanmu mazauna Birtaniya suka koma kan fita da yara.

Salamu alaikum Likita. Mun kai yara dajin New Forest da ke kudancin Ingila, da dare ina yi wa ɗana ɗan shekara huɗu wanka sai na ga kaska maƙale a bayan kunnensa. Babansa ya ce a shafa basilin za ta faɗi da kanta. Haka ne?

Wa alaikumus salam. Hajiya, kada a shafa komai: ba basilin, ba kananzir, ba kan ashana mai zafi. Duk abin da ya takura ta na iya sa ta amayar da abin da ke cikinta a jinin yaro. Ki sa matsefata mai tsinin baki, ki kama ta dab da fata, ki ja sama a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan ki wanke wurin da sabulu.

Kaskar can ba ƙatuwar da muka saba gani a jikin shanu ba ce. Ƙaramarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, kuma wasu na ɗauke da ƙwayar cutar Lyme. New Forest na cikin wuraren da aka san su da ita, haka Lake District da tsaunukan Scotland. Ba kowace kaska ke da cutar ba, kuma cire ta da wuri na rage haɗarin sosai, don haka ki kwantar da hankalinki. Rubuta ranar, ki riƙa duba wurin. Alamar ita ce tabo zagayayye da ke faɗaɗa, yawanci bayan mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci har wata uku. Hotunan intanet yawanci na jan zobe ne a farar fata. A fatar yaranmu ya fi kama da wurin da aka buge ya taru da jini, shi ya sa ake yawan wuce shi. Idan kin gan shi, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka biyo baya, ki kai shi wurin likitanku ki ambaci kaskar, domin maganin ƙwayoyin cuta na warkar da ita. Gaba kuma, dogon wando a cusa cikin safa, a duba kai, wuya, hammata da matsematsi in an dawo.

Likita, rana ta fito, muna son zuwa bakin tekun garin Scarborough a Afrilu. Yara na iya shiga ruwa?

Malam, ranar ta yaudare ka. Teku ba ya ɗumama da wuri. A Afrilu ruwan wannan gaɓar yana ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius. Duk ruwan da bai kai digiri 15 ba, in mutum ya faɗa ciki kwatsam numfashi na ƙwace masa, ya shaƙi ruwa ko da gwanin iyo ne. Jikin yaro kuma ya fi na babba saurin zubar da zafi. Su tsoma ƙafa, su gina ɗakin yashi, ya wadatar. In leɓe ya canza launi ko haƙora na kaɗawa, a cire jiƙaƙƙun kaya a naɗe yaron da busasshen mayafi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Babba ɗaya ya tsaya inda hannunsa zai kai gare su, waya na aljihu, ba a ce "ai yayarsu na kallonsu" ba. Ku duba lokacin cikar teku kafin ku fita, don ruwa kan zagayo ta baya ya datse hanya. Inda masu ceto na RNLI, ƙungiyar ceton rayuka a teku, ke aiki, a tsaya tsakanin tutoci masu ja da rawaya. Ba kowane bakin teku suke fara gadi tun Afrilu ba. In wani abu ya faru, a kira 999 a nemi masu gadin gaɓar teku.

Surukata ta ce iskar waje ce ke sa wa 'yata mura. Kullum muka fita sai atishawa da ƙaiƙayin ido.

Ki gaida Hajiya, amma mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Atishawa da ƙaiƙayin ido babu zazzaɓi sun fi kama da borin jiki ga garin furen itatuwa, wanda ke yawa daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. A wanke mata fuska, a canza kaya in an dawo, ki tambayi mai kantin magani maganin borin jiki na ruwa da ya dace da shekarunta. In tana shesshekar numfashi, sai likita.

Baƙar fata ma na buƙatar man kariya daga rana?

Tana buƙata, Malama, musamman a bakin ruwa tsakanin ƙarfe 11 da 3. Ki nemi mai lambar kariya (SPF) 30 ko sama da haka. Jaririn da bai kai wata shida ba a bar shi a inuwa. Kada kuma fitowar rana ta sa ki daina ba su bitamin D: hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 ya sha maikirogiram 10 kullum, duk shekara.