Tambaya da Amsa: Wane Maimai ne Mai Ma'ana a DNA ɗin Bakteriya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin ƙananan halittu. Na saka jinom, wato cikakken jerin haruffan DNA, na ƙwayar cutar sankarau a manhajar Tandem Repeats Finder, sai ta jero mini wurare masu yawa da haruffan DNA ke maimaita kansu. Ta yaya zan bambance wanda ke yi wa ƙwayar aiki da wanda ya faɗo haka kawai? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Manhajar nan da Gary Benson ya fitar a 1999 lissafi kawai ta iya, tantancewar taki ce.

Ki fara da lambobin da kika ba ta. Waɗanda aka saba da su su ne 2 7 7 80 10 50 500. Kowane harafi da ya dace yana samun maki 2, mafi ƙarancin makin da take karɓa kuma 50 ne. Ke nan duk maimai da bai kai haruffa 25 ba, ba za ta nuna miki shi ba. A ƙwayar sankarau wannan babbar asara ce, domin gajerun jeri na harafi ɗaya, irin G ko C, sukan kunna jin (yankin DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin) ko su kashe shi. Ki neme su daban da manhajar MISA, ko ki rubuta ɗan umarni da zai tsamo duk harafin da ya jeru sau 7 zuwa sama.

Daga nan ki ɗora jerin a kan taswirar jin-jin da manhajar Prokka ko Bakta ta fitar, ki ga inda kowane maimai ya zauna. In cikin jin yake, ki raba tsawon gungun, wato haruffan da ake maimaitawa, da 3, tunda uku-uku ake karanta haruffa wajen ƙera furotin. In ya rabu daidai, ƙari ko ragi tsawon furotin kawai zai canza. In bai rabu ba, to nan ki tsaya. Jin-jin opa na wannan ƙwaya suna ɗauke da CTCTT, haruffa 5. Lokacin kwafar DNA zaren yakan zame, gungu ɗaya ya ƙaru ko ya ɓace, karatun ya goce, furotin ya daina fita. Da haka ƙwayar take sauya kamanninta ta kuɓuce wa garkuwar jiki. Kada ki raina na wajen jin: jerin G da ke tsakanin -35 da -10, wato wurare biyu da ke kunna karatun jin, a gaban jin porA shi ke ƙayyade yawan furotin ɗin da za a ƙera.

Hujja mafi ƙarfi ita ce kwatance. Ki sauko da jinom 20 ko 30 na wannan jinsi daga rumbun bayanan DNA na NCBI, ki duba wuri ɗaya a dukansu. Maimai da adadinsa ke sauyawa daga wata ƙwaya zuwa wata ya cancanci lokacinki. A kan wannan aka gina tsarin MIRU-VNTR mai wurare 24 da ake bin sawun ƙwayar tarin fuka da shi.

Amma a kula, na'ura ma tana ƙirƙirar bambancin ƙarya. Na'urar karanta DNA ta Illumina takan karanta haruffa 150 a guntu ɗaya. In maimai ya fi guntun tsawo, manhajar haɗa guntaye su zama jinom sai ta dunƙule shi, kwafi 12 su koma 6, ko jinom ya tsinke daidai wurin. Na'urar Nanopore tana tsallake dogon maimai lafiya lau, sai dai takan yi kuskuren ƙirga harafi ɗaya da ya jeru, G tara ta ba ki takwas. Saboda haka ki koma ɗanyen karatun, ki ƙirga guntayen da suka ratsa maimai ɗin tun daga gefe har gefe kaɗai.

Maimai da ya tsira daga waɗannan gwaje-gwaje, ki tabbatar da shi da PCR, wato hanyar ninka wani yankin DNA a ɗakin gwaji. Ki cire tsawon gefuna biyu da ke kewaye da maimai ɗin daga tsawon abin da ya fito, ki raba da tsawon gungu: in ya fito 400, gefuna 100, gungu 60, kwafi 5 ke nan. Bambancin harafi 1 ko 5 ba ya fitowa a jel ɗin agaros da ake auna tsawon DNA da shi, wannan sai karatun Sanger mai fitar da haruffa ɗaya bayan ɗaya.