Ku Tambayi Bakanike: Babur na farko, daga Ƙofar Doka zuwa Samaru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne, ina zaune kusa da Ƙofar Doka, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Samaru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye mini albashi, ga shi sai na hau abin hawa biyu kafin in isa. Wata mai zuwa zan kwashi adashe, ina so in sayi babur, amma ban taɓa tuƙa komai ba sai keke. Abokaina sun ce in sayi babba mai lamba 150 ko 200 don kada a raina ni, mahaifina kuma ya ce roba-roba. Wani abokina ɗan acaba ya ce yini ɗaya ya isa ya koya mini. Wanne zan saya, kuma ta ina zan fara? Daga wani malami, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam malam, Allah ya sa wa adashen albarka.

Abokinka ɗan acaba bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya gaya maka. Wanda ya iya keke, a yini ɗaya zai tayar da babur ya tafi. Tsayawa ce ba a koyo a yini ɗaya. Na haura shekara ashirin ina gyaran babura a Tudun Wada, kuma sababbin baburan da ake turo mini da kai a karkace, fitila a fashe, labarin masu su kusan ɗaya ne: yaro ya gifta, ko Keke Napep ya ci birki ba sigina, shi kuma gogan ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Zan dawo kan wannan, bari mu fara da saye.

Ka manta da zancen 150 da 200. Tafiyarka wajen kilomita 15 ce, zuwa da dawowa 30, kuma ka san hanyar: Tudun Wada, PZ, Kwangila, Palladan, Zango, sannan Samaru. Ina za ka sami sararin da za ka buɗe wa babban inji wuta a nan? Nauyi kawai za ka saya, da shan mai, da totur mai saurin fushi a hannun ɗan koyo. Inji mai 100 zuwa 125 ya ishe ka. Idan lafiyarsa ƙalau, lita ɗaya tana kai shi kilomita 40 zuwa 50 ba tare da wahala ba, ka ga ke nan ba za ka sha lita guda a yini ba. Masu cewa za a raina ka, ba su za su zuba maka mai ba.

Saura zaɓi biyu. Roba-roba, irin na Haojue da Lifan da Jincheng masu 110, duk jikokin Honda Super Cub ne da aka fara ƙerawa a Japan a 1958. Ba su da kuloci na hannu, giya kawai kake takawa, kulocin yana kama kansa a ciki. Ga ɗan koyo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don babur ba zai riƙa mutu maka a cunkoson PZ ba ana ta danna maka hon ta baya. Gajere ne, ba nauyi, robar gaba tana tare maka taɓo da damina, sarƙarsa kuma a rufe take. Aibinsa: tankin ƙarami ne, ba ya son ramuka da lodi, kuma ranar da ya faɗi robobin ne ke fara tsagewa.

Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya kuwa jaki ne. Giya huɗu, doguwar kujera, ga juriyar hanya, kayan gyaransa har a ƙauye akwai, in ka tashi sayarwa kuma ba ya kwana. Sai dai abin da ya sa kowa ke sonsa shi ya sa ɓarayi ma ke sonsa, kuma ka shirya wa masu ɗaga maka hannu a bakin titi suna cewa “mai mashin, Sabon Gari”. TVS mai 125, da kuma Honda Ace wanda ake harhaɗawa a Ota ta Jihar Ogun, duk a layinsa suke.

Ni dai ina bayan mahaifinka. Mutum ɗaya, da jakar littattafai, a kan kwalta, roba-roba ya fi dacewa da kai. In kuwa kana da gona wajen Giwa ko Soba, ko za ka riƙa ɗauko buhu, to Boxer. Kafin ka biya, hau ka zauna: in tafin ƙafafunka biyu ba su taka ƙasa sosai ba, ba naka ba ne. Sannan ka tambayi bakanike uku na unguwarku wanne ne kayansa ba sa wahalar samu. Kada ka tambayi mai sayarwa, shi duk abin da ke shagonsa shi ne ya fi.

Idan kuɗin bai kai na sabo ba, na hannu ba laifi, amma araha ba ta ado. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, don shi dillali la'adarsa yake kallo. Ku je da safe inji na sanyi, ka taɓa ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin ku zo ba. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce inji na shan baƙin mai. Ka duba lambar inji da ta jikin ƙarfen babur, su dace da abin da ke kan rasit harafi da harafi. In ka ga alamar an kankare ko an sake bugawa, ka yi sallama ka tafi ko nawa aka rage maka. A rubuta takardar ciniki da shaidu. Wanda aka yi acaba da shi kuwa, ko an yi masa sabon fenti, ya riga ya ba da abin da ke jikinsa.

Kuma kada ka juye adashen duka a kan babur. Ka ware na hular kwano, da na lamba, da lasin (na babur shi ne rukunin A), da inshora, wadda tun Janairun 2023 aka tsayar da ta babur a kan naira 3,000 a shekara, da sarƙa mai kauri da kwaɗo. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta Jihar Kaduna, da na hukumar kiyaye haɗurra ba baƙi ba ne a hanyar da za ka bi, kuma malami da aka tsare a titi ɗalibansa na wucewa ba ya jin daɗin ranar.

To, koyo. Ba raina abokinka na yi ba, 'yan acaba sun fi kowa sanin babur, amma sana'arsu ta gaggawa ce, zai koya maka kutse tun ba ka iya tsayawa ba. Nemi dattijon nan na unguwarku da ya shekara ashirin yana zuwa aiki a kan babur ɗaya, har yanzu madubansa biyu suna nan. Ku sami filin makaranta ranar Asabar, mai ƙasa mai tauri, ba rairayi ba.

Ranar farko kada ma ka tayar da inji da wuri. Tura shi, juya shi, ɗora shi a jak ka sauke, kama birki ka ji yadda yake cafkewa. Ka san tsarin giyarsa, don ba duka ne iri ɗaya ba. Daga nan tashi da tsayawa a giya ta ɗaya, sau hamsin in ya kama, har ƙafarka ta hagu ta riƙa sauka da kanta. Sai ka ajiye jarka biyu ka riƙa zagaya su kamar kana rubuta lamba 8. Inda idonka ya kalla nan babur ke zuwa. Ka kalli jarka, jarka za ka buge. Ka kalli rami, a ciki za ka sauka.

Sai babban darasi. A garin nan an gaji wata magana, wai birkin gaba kayar da mutum yake, har wasu su kawo mini babur su ce in sassauta shi ko in cire wayar gaba ɗaya. Ni ma a kan haka na tashi. Ina sabon hawa, ranar da aka yi ruwan farko na shekara, akuya ta faɗo mini titi, na take birkin baya da iya ƙarfina kamar yadda aka koya mini. Tayar baya ta cije, babur ya juya gefe yana jan ƙasa da ni, salansa ta kwanta a kan ƙwaurina. Akuya ta tsallaka abinta, ni ko tabon na nan har gobe. Abin da ban sani ba lokacin: da zarar ka kama birki nauyin babur da naka gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Fizgarsa ce ke kayarwa. Matsa shi ake yi kamar mai matse lemon tsami, a hankali da farko sannan a ƙara ƙarfi, tare da na baya, totur a sake, babur a miƙe. A cikin rairayi ko taɓo ko tsakiyar kwana ne kawai za ka yi masa taɓin tsoro.

Ka ja layi a ƙasa, ka taho da gudun kilomita 20 a awa, kana taka layin ka tsaya, dattijon ya sa dutse inda ka tsaya. Ka maimaita har dutsen ya daina matsowa kusa. Sai ka koma 30, sannan 40, za ka ga abin mamaki da idonka: in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa huɗu take yi. A gudun 60 kuwa, cikin daƙiƙa ɗaya ka shafe kusan mita 17 tun hannunka bai motsa ba. Ka ba wannan fili mako biyu, ko da awa guda ce bayan La'asar.

Sannan titi. Fara da layukan unguwa bayan Asuba. Ranar Lahadi da sassafe ka bi hanyar aikin gaba ɗaya, dattijon na bin ka a baya, ka yi haka sau biyu kafin ka gwada ranar Litinin. Kwangila ce jarrabawarka, don nan manyan motocin hanyar Kaduna zuwa Kano ke haɗuwa da masu nufar Funtuwa. In ba ka hango madubin direban tirela, shi ma bai san da kai ba. Kada ka taɓa shiga tsakanin tirela mai shan kwana da bakin titi, tayoyin bayanta yanke kwanar suke yi. Kada kuma tsoro ya sa ka manne a gefen kwalta, nan rairayi ke taruwa, nan ake buɗe ƙofar mota. Da hunturu in hazo ya sauko, kunna fitila ko da rana ne.

Hular kwano. Da aka fara tilasta ta ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai, muka yi ta dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa hular ƙwarai tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Ka sayi mai rufe haɓa, ka ɗaure igiyar, don wadda ba a ɗaure ba ita ke fara barin kai. Na san akwai zafi a watan Afrilu. Sa hularka ta zanna a jaka, in ka isa ƙofar makaranta ka kafa abinka. Takalmi sau-ciki, ban da silifa.

TAMBAYA: Baba, maigidana ya sayi babur bai fi kwana goma ba, yana so ya riƙa kai ni asibitin Shika awo, da ƙaramin yaronmu a gaba. Gabana na faɗuwa, amma ba na so ya ga kamar na raina iyawarsa. Daga wata uwargida, Hanwa.

AMSA: 'Yata, faɗuwar gaban nan taki tana da hujja. Goyo yana sauya babur gaba ɗaya: nauyi ya koma baya, kai ya yi sakwa-sakwa, birki ya ƙara nisa, balle mace da ke zama ta gefe ɗaya. Ɗan kwana goma bai gama sanin babur shi kaɗai ba, kuma hanyar Shika hanyar manyan motoci ce. Ki ce masa Baba bakanike ne ya ce a ba shi wata uku, laifin ya dawo kaina. Kafin nan ki hau Keke Napep, shi kuma ya fara gwada goyo da ƙaninsa a fili.

In lokacin ya yi, ki tattare hijabi da bakin zane ki danne a kan cinya kafin ya tashi. Na sha kwance mayafi daga cikin tayar baya, kuma mai mayafin ba a tsaye nake samunta ba. Yaro kuma ba a kan tanki ba, don in aka ci birki shi ne farkon wanda zai bugi kan babur.

TAMBAYA: Na sayi sabo dal, an ce kada in yi gudu da shi. Har zuwa yaushe? Daga wani ɗalibi, Kongo.

AMSA: Ɗana, littafin da ya zo cikin ledarsa ya faɗi adadin, ka bi shi. A yawancin ƙananan baburan nan juyen baƙin mai na farko wajen kilomita 500 ne, kuma kada ka tsallake shi, don a nan ne ɓarɓashin ƙarfen sabon inji ke fita. Kafin nan ka lallaɓa shi, ban da lodi, ban da murɗe totur har ƙarshe. In ka kawo juyen, ka ce a duba sarƙa, wasanta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, a kuma bi notuna a ɗaure. Man kuma ka sayi na gwangwani ko roba a rufe, a buɗe shi a gabanka.