Amsa ga Yaya kan maganar Oska da yarenmu

Salamu alaikum jama'ar gurup, ku yi haƙuri muryar nan za ta ɗan yi tsawo, yanzun nan na sauko daga trotro, motar haya, a unguwar Nima ta Akra, tafe nake ina magana. Yaya, na saurari muryarka ta jiya, inda ka ce mu daina ƙona data a kan finafinan da aka zaɓa na Oska, babbar gasar kyautar finafinai ta Amurka, wai tunda Turawa ba za su taɓa kula fim ɗin da aka yi da Hausa ko yaren Dagomba ba. Wallahi Yaya da girmanka da komai, amma a nan kam ban bi ka ba.

Ka ga wancan ɓangare na finafinan ƙasashen waje, ƙa'idarsa ma ita ce fiye da rabin maganar cikin fim kada ta zama Turanci. Kowace ƙasa fim ɗaya tak take turawa, a tace a bar 15, a sake tacewa a bar 5. A 2019 Najeriya ta tura Lionheart na Genevieve Nnaji, aka cire shi, ba don komai ba sai don Turanci ya yi yawa a ciki, yaren Ibo ɗan kaɗan ne. To ka gani, ba yaren gida ne ya kayar da shi ba, ƙarancinsa ne. Kuma a wannan shekarar dai Gana ta tura nata na farko, Azali, labarin wata yarinya 'yar arewa da ta gudu daga auren dole ta tsinci kanta a Akra, yawancin maganar da yaren Dagomba.

Wannan Azali ɗin a tsakar gidanmu muka kalla, muka jingina talabijin a kan benci, ana dafa ataya. Akwai wata Anti maƙwabciyarmu, Badagomba ce, tana ƙuruciya ta yi kayayo, wato dakon kaya a ka, a kasuwar Makola kafin ta samu jarin waake. Mu muna ta fama da karanta rubutun fassara na ƙasan allo, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi, ta ja mayafi ta toshe baki, hawaye kawai, shayinta ya huce a hannu ba ta kurɓa ba. Da aka gama ba wanda ya iya cewa uffan, sai can ta ce "haka yake". Tun daga ranar ni ban ƙara yanke wa fim hukunci daga guntun bidiyon TikTok ba, sai na zauna na gan shi daga farko har sunaye su hau.

Hausa ma ai ta je, Yaya. The Milkmaid a 2020, Mai Martaba a 2024, duka Najeriya ce ta tura su. Gaskiya ne ba su shiga cikin 15 ba, amma Parasite na Koriya ta Kudu da yaren Koriya aka yi shi kuma ya ɗauke babbar kyautar gaba ɗaya a 2020, Tsotsi na Afirka ta Kudu ya ci ta finafinan ƙasashen waje tun 2006. Akwai maganar kuɗi, wannan ban musa ba, sai ka kai fim Amurka ka yi ta nuna wa masu jefa ƙuri'a, ka biya talla, kuma mu ba mu da wannan ƙarfin.

Amma abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ya sa duk shekara nake bin finafinan nan ɗaya bayan ɗaya, shi ne sauti. Ka gwada, in kana kallo rufe ido minti biyu. A nasu za ka ji takun takalmi, ka ji numfashin mutum kafin ya yi magana, su bar wuri ya yi tsit har sai ka ji tsoro ya kama ka. Namu kuwa uwa tana kuka an sako kiɗa ya danne ta, ga ƙarar janareta a baya, ɗan wasa yana gaya maka da baki cewa ransa ya ɓaci maimakon ka gani a fuskarsa. Sai kuma rubutun fassara, a yi magana mai nauyi da karin magana a ciki, a fassara ta sakaka, to ta yaya wanda bai jin Hausa zai san zurfinta? Waɗannan abubuwa ne da za mu iya gyarawa, kuma muna da 'yan wasa masu kyau sosai, wallahi muna da su, shi ya sa abin yake damuna.

Don haka Asabar bayan isha'i muna bes, wurin zamanmu, za mu fara da na ƙasashen waje, kowa ya kalla har ƙarshe sannan ya ba da makinsa, labari daban, wasa daban, sauti daban. Yaya don Allah ka zo, kujerarka tana nan, kawai waya za a kashe. Mai kawo sikari kar ya manta kamar wancan sati.